Haɗe hukumar radiyeshin da ta muhalli: me ake samu, me ke iya salwanta?

Ranar 1 ga Agustan 2014 wata hukuma ta daina wanzuwa a ƙasar Ayaland. Ana kiranta RPII a taƙaice, kuma shekara 22 ta yi tana kare jama'ar ƙasar daga illar radiyeshin. Ɗaukar ta aka yi ɗungurungum, da ma'aikatanta da ɗakin gwaje-gwajenta da duk ikon da doka ta ba ta, aka zuba a cikin EPA, babbar hukumar kare muhalli ta ƙasar, mai hedikwata a Wexford. Sai da majalisa ta yi doka ta musamman a shekarar kafin hakan ta yiwu. A makon da ya biyo baya likitan haƙori ya ci gaba da ɗaukar hoton haƙora, asibiti ya ci gaba da yi wa masu sankara gashi da radiyeshin, babu wanda ya ji wani canji a jikinsa. Shi ya sa mutane da yawa ke ɗaukar irin wannan labari kamar sauya allon ƙofar ofis ne kawai. Ni ban ɗauke shi haka ba.

Sai mun san abin da ake tsaro kafin mu yi maganar mai tsaron. Radiyeshin ɗin da ake nufi a nan shi ne mai ƙarfin ratsa jiki har ya isa ga ƙwayoyin halitta ya yi musu lahani. Wani daga na'ura yake fitowa, kamar ta ɗaukar hoton ƙashi, wadda da zarar an kashe ta magana ta ƙare. Wani kuma daga sinadarai yake fita, irin su yuraniyom da siziyom da kobal, kuma waɗannan ba a kashe su, sai dai su yi ta raguwa da kansu. Siziyom 137 sai ya shekara kusan 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Ba shi da launi, ba shi da wari, ba a jin zafinsa lokacin da yake shiga. Mai yawa a lokaci guda yana ƙona fata, yana kashe ɓargo, yana iya yin kisa cikin makonni. Kaɗan-kaɗan na tsawon shekaru kuma yana ƙara yiwuwar kamuwa da sankara, wadda ba za ta bayyana ba sai bayan shekara goma ko ashirin, lokacin da babu mai iya nuna yatsa ya ce ga sanadi.

Ana auna abin da jiki ya sha da ma'aunin milisibat. Ƙa'idar da ƙasashe da dama suka amince da ita ita ce kada ma'aikacin da ke mu'amala da radiyeshin ya wuce milisibat 20 a shekara, kada kuma ayyukan ɗan Adam su ɗora wa sauran jama'a fiye da 1 a shekara, ban da na magani da wanda Allah ya halitta a ƙasa da sararin sama. Mutumin Ayaland yana shan kimanin milisibat 4 a shekara idan aka haɗa duka, kuma fiye da rabin wannan daga cikin gidansa, har da ɗakin kwanansa, yake samun sa. Za mu dawo kan wannan, domin shi ne ƙashin bayan maganar.

Da an ce hukumar radiyeshin, abin da ke zuwa zuciya shi ne tashar nukiliya. To Ayaland ba ta da ko ɗaya. A shekarun 1970 an so a gina a Carnsore Point, har aka kafa hukumar makamashin nukiliya a 1973 da wannan niyya, amma jama'a suka yi ta gangami a wurin tun daga 1978, shirin ya mutu, daga baya kuma dokar lantarki ta 1999 ta hana samar da wuta ta wannan hanya. Hatsarin tashar nukiliyar Chanobil ta Yukren na ranar 26 ga Afrilun 1986 ne ya nuna wa ƙasar cewa rashin tasha a gida bai isa kariya ba. Iska ta kwaso burbushin nukiliya, ruwan sama ya sauke shi a kan tuddai, aka wayi gari ana auna madara da naman tumaki. Dokar 1991 ta haifi RPII, wadda ta fara aiki a 1992 a madadin tsohuwar hukumar. A lura da sauyin suna: daga hukumar makamashi an koma hukumar kariya. Sannan ga Sellafield, katafariyar cibiyar nukiliyar Birtaniya da ke tsallaken teku, ƙasa da kilomita 200 daga gaɓar Ayaland, wadda ta daɗe tana hana mutanen ƙasar barci, har gwamnatinsu ta kai ƙara kotun ƙasa da ƙasa a 2001, ta kuma raba wa gidaje ƙwayoyin aidin, na sha idan hatsarin nukiliya ya auku, a 2002.

Amma aikin yau da kullum na irin wannan hukuma bai da alaƙa da manyan kanun labarai. Ba da lasisi ne ga asibiti da likitan haƙori da likitan dabbobi. Bin sawun ƙananan kwalaye ne na ƙarfe masu ɗauke da sinadari mai radiyeshin, waɗanda masana'antu ke auna kaurin takarda ko cikar tanki da su, masu gini ke auna danshin ƙasa da su, masu walda ke duba tsagar bututu da su. Tabbatar da cewa ma'aikaci ya maƙala 'yar na'urar da ke ƙirga abin da jikinsa ya sha, kuma wani yana karanta sakamakon. Sanin inda kowane kwali yake, wa ke riƙe da shi, da inda za a kai shi idan ya tsufa.

Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. A watan Satumban 1987, a birnin Goyaniya na Burazil, wasu masu tsintar ƙarafa suka shiga wani asibitin da aka yi watsi da shi, suka ɗauko kan na'urar gashin sankara, suka fasa, suka sayar wa mai gwangwan. Garin siziyom da ke ciki yana ba da wani shuɗin haske da daddare, sai mutane suka yi ta sha'awarsa, suna raba wa dangi, yara suna wasa da shi. Mutum huɗu suka mutu, cikinsu har da yarinya 'yar shekara shida. An sami mutum 249 da abin ya gurɓata, an auna kimanin mutum 112,000, an rushe gidaje. Duk wannan saboda na'ura ɗaya ta fita daga lissafi. Irin haka ta sake faruwa a Tailan a 2000 da Indiya a 2010, duka a kasuwar tsofaffin ƙarafa. A farkon 2023 ma wani ɗan ƙaramin kwali na siziyom, wanda bai kai santimita ɗaya ba, ya faɗo daga mota a yammacin Ostireliya, aka shiga neman sa a kan hanya mai tsawon kilomita 1,400 kafin aka same shi. Rajistar da wani jami'i ke zaune yana sabuntawa a ofis ita ce ke tsakanin jama'a da irin wannan masifa.

To me ya sa ake haɗe irin wannan hukuma da wata? A Ayaland amsar a fili take: kuɗi. Tattalin arziƙin ƙasar ya durƙushe bayan 2008, har a Nuwamban 2010 aka tsara mata ceto na Yuro biliyan 85 tare da Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. A ƙarshen 2011 gwamnati ta fito da shirin rage yawan hukumomi, kuma guguwar ta biyo ta kan RPII. Ba ita kaɗai ba ce a Turai. A 2009 Istoniya ta shigar da cibiyarta ta radiyeshin cikin hukumar muhalli, Latbiya ma ta yi haka a shekarar. Duba kamanninsu: ƙananan ƙasashe ne, ba su da tashar lantarki ta nukiliya, kuma dukansu a lokacin matsi suka yanke shawarar. Ruwa ba ya tsami banza.

A ganina hujjar tsimin kuɗi ita ce mafi rauni cikin duk hujjojin da ake kawowa. Hukumar da ma'aikatanta 'yan gommai ne, kuma mafi yawansu masana kimiyya ne da ba za a iya sallama ba, me za a tsimi a kanta? Kwamitin gudanarwa ɗaya zai ragu, sashen albashi da na kwamfuta za su zama ɗaya, wataƙila a rage kuɗin haya. Abin a yaba ne, amma bai taka kara ya karya ba a kasafin ƙasa. Yawanci abin da gwamnati ke so shi ne ta iya cewa ta rage adadin hukumomi daga kaza zuwa kaza. Idan kuwa tsimin ya yi yawan da za a gan shi, to a duba da kyau, domin daga jikin aikin aka yanko shi.

Akwai hujjojin da suka fi wannan nauyi, kuma adalci ne a faɗe su. Ƙaramar hukuma tana rayuwa ne a kan tsini. Idan mutum biyu ne suka iya wata na'ura, ɗaya ya yi ritaya, ɗaya ya sami aiki a waje, sashe guda ya mutu. Ba ta da lauyoyin da za su ja da babban kamfani a kotu. Matashin masani da ya shige ta ba ya hango matakin da zai hau gaba, don haka ba ya daɗewa. A babban gida akwai lauyoyi, akwai masu sadarwa da jama'a, akwai ofisoshi a sassan ƙasa, akwai motoci da masu ɗebo samfuri. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sannan wasu ayyukan tun asali 'yan uwan juna ne. Wanda ke ɗebo ruwan teku don neman burbushin Sellafield da wanda ke ɗebo shi don neman gurɓata daga gonaki, jirgi ɗaya za su iya shiga. Tashar da ke auna ƙura a iska tana iya ɗaukar na'urar auna radiyeshin. Ruwan sha, shara, wuraren haƙar ma'adinai, duk wurare ne da hukumomin biyu ke cin karo da juna. A Dabilin ma, babban birnin Ayaland, ofishin RPII da reshen EPA a unguwa ɗaya suke, Clonskeagh, tun kafin haɗewar. A Ingila kuwa hukumar muhalli ce ke kula da zubar da sharar da ke da radiyeshin tun kafuwarta a 1996, kuma Amurka ta ba EPA ɗinta wani ɓangare na wannan aiki tun 1970.

Inda nake jin tsoro shi ne wurin da aikin biyu suka raba hanya, domin sun raba, kuma ba kowa ke lura ba.

Mai kula da muhalli ya saba da tunani ɗaya: ga mai gurɓatawa, ga abin da ya gurɓata, a sa masa iyaka, in ya wuce a ci shi tara. Ƙasa, ruwa da iska su ne abin karewa. Mai kula da radiyeshin kuwa yawancin ranakunsa a cikin gini yake yin su, tsakanin likita da majinyaci da ma'aikaci. A nan da gangan ake ba mutum radiyeshin, don a gano cuta ko a kashe ƙari. Ba za ka ce a daina ba. Abin da za ka tambaya shi ne ko amfanin ya rinjayi illar, ko an rage adadin iya yadda zai yiwu ba tare da hoton ya lalace ba, ko na'urar tana ba da abin da aka ce ta bayar. Wannan tunani ya samo asali ne daga likitanci, tun bayan da Rontgen ya gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a 1895 aka fara ganin hannuwan likitoci suna ƙonewa, har aka kafa kwamitin ƙasa da ƙasa na kariya a 1928. A Panama, tsakanin 2000 da 2001, majinyata 28 suka sha gashin da ya wuce kima saboda yadda aka shigar da bayanai a kwamfuta, da dama daga cikinsu suka rasu. Babu kogin da ya gurɓata, babu hayaƙin da ya tashi. Jami'in da aka horar kan duba bututun masana'anta ba zai gano irin wannan kuskure ba, kuma ba laifinsa ba ne.

Saboda haka wasu ƙasashen suka ga cewa lafiya ce gidan da ya fi dacewa. Birtaniya ta shigar da hukumarta ta ba da shawara kan radiyeshin cikin hukumar kare lafiya a 2005. Suwidin ta bi wata hanyar: a 2008 ta haɗe hukumar radiyeshin da ta duba tashoshin nukiliya suka zama ɗaya mai zaman kanta. Ko a Ayaland ɗin ma, tun farkon 2019 hukumar HIQA mai duba ingancin asibitoci ce ke kula da kariyar majinyaci, EPA kuma na kula da ma'aikaci da sauran jama'a. Wato na'ura ɗaya a ɗaki ɗaya, masu duba biyu. Haɗewa ba ta kawar da iyakoki, wuri kawai take sauya musu, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abu na biyu ya fi damuna, domin a hankali yake faruwa, babu wanda zai iya cewa ga ranar da ya fara. Nasarar hukumar radiyeshin ba ta da hoto. Idan ta yi aikinta daidai, babu abin da zai faru: ba kwalin da ya ɓace, ba ma'aikacin da ya ƙone. Yanzu sa ta a gida ɗaya da masu fama da kifin da ya mutu a kogi, da juji mai wari da maƙwabta ke kuka da shi, da ruwan famfo da aka ce a tafasa kafin a sha, da sauyin yanayi da duniya ke magana a kai. Duk waɗannan suna da 'yan jarida a bayansu, suna da 'yan majalisa masu buga waya. Ranar da shugaban hukuma zai raba guraben aiki biyar tsakanin sassa goma, wa zai samu? Mai kuka shi ake ba nono. Ba sai an yi wa sashen radiyeshin mugunta ba. Gurbin wanda ya yi ritaya ne za a jinkirta cikewa, ziyarar duba da ake yi duk shekara ce za ta koma duk shekara biyu, tafiya taron ƙwararru ce za a ce a bari sai baɗi. Kowanne shi kaɗai ba komai ba ne. Bayan shekara goma sai a duba a ga mutanen da suka san abin sun ƙare.

Kuma waɗannan mutane ba a samun su a kasuwa. Masanin fizis ɗin lafiya ko mai gwajin sinadaran nukiliya yana buƙatar shekaru na karatu, da wasu shekarun yana bin manya kafin a sake masa aiki. A ƙasar da ba ta da masana'antar nukiliya, hukumar ce kanta makarantar. Idan ta daina yaye sababbi, babu wani wurin da zai yi.

Ranar da za a neme su kuwa ba ta sanarwa. A watan Maris na 2011, bayan hatsarin tashar nukiliyar Fukushima ta Japan, na'urorin RPII sun tsinci ɗan burbushin aidin 131 a iskar Ayaland, kaɗan ƙwarai, wanda bai isa cutar da kowa ba. Amfanin hukumar a wannan rana shi ne ta iya fitowa ta ce mun auna, ga abin da muka gani, ku kwantar da hankali, jama'a kuma su yarda. Wannan yarda dukiya ce da ake tarawa shekara da shekaru, kuma da suna ake tara ta. A Faransa, bayan Chanobil, mutane da yawa sun ji cewa hukumominsu sun raina musu hankali game da burbushin da ya sauka a ƙasar, har wasu 'yan ƙasa suka kafa nasu ɗakin gwaji mai zaman kansa, CRIIRAD, a 1986 ɗin. Har yau tabon bai gama warkewa ba.

Wannan ya kawo mu maganar 'yancin kai, wadda ake yawan ruɗewa a kanta. Yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta kiyaye haɗurran nukiliya ta 1994 ta ce dole a raba mai sa ido da mai tallata makamashin nukiliya ko amfani da shi. Ba ta ce dole mai sa idon ya zauna shi kaɗai a gininsa ba. Japan ce ta nuna wa duniya abin da ake gudu. Kafin Fukushima, hukumar da ke duba tashoshinta tana ƙarƙashin ma'aikatar tattalin arziƙi da masana'antu, wato ma'aikatar da aikinta shi ne bunƙasa nukiliyar. Kwamitin binciken da majalisar ƙasar ta kafa ya bayyana a 2012 cewa hatsarin na ɗan Adam ne, kuma kamfanonin da ake dubawa sun fi ƙarfin mai duba su. Gyaran da aka yi a Satumban 2012 shi ne kafa sabuwar hukuma, aka rataye ta a jikin ma'aikatar muhalli, da kwamishinoni masu yanke hukunci da kansu. Ka ga a nan matsawa kusa da muhalli ƙarin 'yanci ne. Don haka duk wanda ya ce shiga hukumar muhalli kai tsaye na nufin rasa 'yanci, bai faɗi daidai ba. EPA ta Ayaland ba ta sayar da lantarki, ba ta da asibiti, ba ta da abin da za ta ɓoye wa masu auna radiyeshin. Barazanar da ke wurin ta daban ce: a rasa murya, a zama sashe na bakwai a rahoton shekara, minista ya daina jin maganar kai tsaye daga bakin wanda ya san ta.

Faransa ta sake nuna yadda maganar ke da zafi, duk da cewa nata haɗin ba da muhalli ba ne. Ƙasar na da injinan nukiliya sama da 50, kuma shekaru tana da hukumomi biyu: IRSN ta masana, mai bincike da ba da ra'ayi, da ASN mai yanke hukunci. A farkon 2023 gwamnati ta nemi haɗe su cikin gaggawa, ma'aikatan IRSN suka fito zanga-zanga, majalisa ta ƙi a watan Maris. Aka sake kawo ƙudurin, ya wuce a 2024, sabuwar hukuma ASNR ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2025. Abin da masu adawa suka fi nanatawa shi ne: idan masani da mai hukunci suka koma ƙarƙashin shugaba ɗaya, shin masanin zai ci gaba da faɗin abin da ya gani a fili ko da bai yi wa hukuncin daɗi ba? Tambayar tana nan daram a kowace irin haɗewa.

To yaya ta kaya a Ayaland? An yi wasu abubuwa daidai, kuma ya kamata duk mai shirin irin wannan ya duba su. An mayar da RPII ofishi guda mai sunansa a cikin EPA, maimakon a warwatsa mutanenta a sassa. Shugabarta, Dakta Ann McGarry, ta zama darakta a majalisar gudanarwar EPA, wato maganar radiyeshin ta sami kujera a teburin da ake raba kuɗi. A 2015 ƙasar ta karɓi tawagar Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya don ta duba tsarin da idon baƙo. Daga baya kuma aka faɗaɗa ofishin, aka haɗa masa aikin sa ido kan muhalli, sunansa ya ƙaru. Mai kyakkyawan zato zai ce ga ribar haɗewar nan, masu aune-aune sun koma wuri ɗaya. Mai tsoro zai ce ga farkon narkewar da ake gudu. Ni ina ganin kowannensu yana da gaskiya, kuma abin da zai raba gardamar shi ne a riƙa ƙirga masu duba nawa ne, ziyara nawa suka kai, matasa nawa aka ɗauka. Hukumar da aka haɗe ya kamata doka ta tilasta mata bayyana waɗannan alƙaluma daban duk shekara, da kasafin sashen a layinsa, don kada ya ɓace a cikin jimla.

Haka kuma tsarin da ya dace da yau ba lallai ya dace da gobe ba. Istoniya da ta haɗe nata a 2009, majalisarta ta amince a 2024 a fara shirye-shiryen amfani da makamashin nukiliya. Sashe a cikin hukumar muhalli yana iya kula da na'urorin asibiti da na masana'antu, amma duba tashar nukiliya wani aiki ne daban, mai buƙatar injiniyoyi da yawa da ikon tsayar da aiki nan take.

Na ce za mu dawo kan ɗakin kwana. Radon iska ce mai radiyeshin da ke tasowa daga yuraniyom ɗin da ke cikin duwatsu da ƙasa. A fili tana bajewa, ba ta komai. A cikin gida kuwa tana shigowa ta tsagar daɓe da gefen bututu, ta taru, a yi ta shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin manyan abubuwan da ke haddasa sankarar huhu bayan taba sigari, kuma haɗarin ya fi tsanani ga mai shan tabar. A Ayaland EPA na danganta ta da kimanin mutum 350 da ke kamuwa da sankarar huhu duk shekara. Ƙa'idar ƙasar ita ce gida kada ya wuce bekarel 200 (ma'aunin yawan radiyeshin da ke fita) a kowace mita kubik ta iska, amma a 2003 an sami wani gida a Castleisland, a yankin Kerry, mai bekarel 49,000. Sellafield da ake ta fargaba, abin da take ƙara wa jikin mutumin Ayaland ɗan mitsitsi ne idan aka kwatanta da wannan.

Radon ita ce jarrabawar gaskiya ta haɗewar, domin ba ta shiga kowane aljihu na aikin muhalli da aka saba. Babu kamfanin da za a ci tara, babu lasisin da za a janye. Allah ne ya halicce ta a ƙasa, kuma a gidan mutum take, inda jami'i ba shi da ikon shiga. Aikin na lallashi ne: a shawo kan magidanci ya sayi 'yan ƙananan na'urori biyu, ya ajiye ɗaya a ɗakin kwana ɗaya a falo na wata uku, ya aika a karanta, in ta yi yawa ya sa a haƙa ɗan rami a ƙarƙashin daɓe a saka fanka mai zuƙe iskar zuwa waje. Sai an yi aiki da masu dokar gini, da likitoci, da ƙananan hukumomi, da masu sayar da gidaje. A 2014, shekarar haɗewar, ƙasar ta ƙaddamar da shirin yaƙi da radon na ƙasa baki ɗaya, kuma a 2022 EPA ta fitar da sabuwar taswira mafi inganci, wadda aka haɗa da bayanan duwatsun ƙasar. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma a ƙarƙashin babban gidan aka yi shi. Taswirar ta nuna cewa gidaje kimanin 170,000 ne ake hasashen radon ɗinsu ya wuce ƙa'ida, ƙarin 45,000 a kan ƙiyasin da ya gabata. Mafi yawan gidajen ƙasar har yanzu ba a taɓa auna su ba, kuma akwai yara da ke kwana a cikinsu.